Tayoyin da Na Kwance wa Habibu

Tun da na dawo daga Kanada 'yan majalisarmu ta bakin masallaci a Gwammaja suka hana ni sakat. Malam Ɗanlami tela ya fi kowa naci. Kullum sai ya tambaye ni ko gaskiya ne miyau yana daskarewa kafin ya kai ƙasa, ko kuma da gaske karnukan can suna sa riga. Na ba su labarin har bakina ya gaji, amma duk bayarwar akwai wuri guda da nake tsallakewa. Yau na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin, wanda ya ga dama ya yi mini dariya.

Sunana Sule, ina sayar da taya a bakin Jakara shekara ashirin da bakwai ke nan. Ba yawo ne ya kai ni ba, aikena aka yi. Ƙanena Habibu, autanmu, ya tafi karatu can tun zamanin soja. Karatu ya ƙare, ya zauna, har shekara goma sha ɗaya. Duk wasiƙar da ya aiko sai ya ce ƙasa ba ta zauna ba, a bari al'amura su daidaita. To ga shi soja sun koma bariki, an yi zaɓe. Ranar da aka rantsar da farar hula mahaifiyarmu Hajiya tana zaune da rediyo a cinya. Ana gama sanarwa ta kashe, ta sa aka kira ni.

"Sule, an ce mulkin soja ya ƙare ko?"

"Haka aka ce, Hajiya."

"To uzurin Auta ya ƙare. Ka je ka zo mini da shi. Kai ne babba, in ka ce ya taho ba zai yi maka musu ba. Idona ya fara hazo, ina so in gan shi tun ina gane fuska."

Gaskiya ta faɗa. Ni na riƙe Habibu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa jin ya ce mini a'a ba. Na ɗauka aikin ba zai wuce in je, in buɗe baki, mu ɗauro kaya ba.

Biza kaɗai ta ci mini wata biyar da zuwa Legas sau uku. Ranar tafiya Hajiya ta cika mini jaka da kilishi da kuka da daddawa da yaji, wai yaron nan ya daɗe bai ci abincin kirki ba. Daga Kano muka tashi, muka sauka wani filin jirgi a Turai wanda ya fi unguwarmu girma. A nan na fara sanin na bar gida, don na zagaye banɗakinsu kaf ban ga buta ba, sai da na sayi ruwan gora na sha rabi na yi amfani da gorar. Da muka hau jirgi na biyu muka nufi yamma, rana ta ƙi motsi. Na yi azahar a zaune, na jira la'asar, na yi barci na farka, rana tana nan inda na bar ta a kan wani farin gajimare shimfiɗe ba iyaka. Ban san ko awa nawa muka yi ba. Na daina duba agogo, na zuba wa tagar ido kawai.

A wajen shiga ƙasar wani ɗan ƙaramin kare ne ya tona mini asiri. Ya wuce mutum wajen hamsin, ya zo ya zauna a gaban jakata. Jami'ar da ke riƙe da shi, wata doguwa mai fara'a, ta ce in buɗe. Kilishin Hajiya ta fara cirowa, ta ce nama ba ya shiga. Na yi mata bayani da ɗan Turancina na kasuwa cewa wannan ya bushe, ba sauran komai a jikinsa, ta yi murmushi ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Sannan ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci. Baiwar Allah sai da ta ja da baya taku biyu. Ta kira abokan aikinta, suka taru suna juya ta da bakin biro. Daga ƙarshe suka mayar mini da ita, ina jin don ba wanda ya yarda a ajiye ta a ofishinsa ne.

Sai da na ƙara hawa wani ƙaramin jirgi kafin na isa garin da Habibu yake. Na hango shi tsaye cikin wata rigar sanyi mai kumbura, da furfura a gemunsa. Furfurar ce ta taɓa ni, domin yaro na sani. Yana ganina ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni. Na kama shi na ɗaga shi.

Ƙofar fita tana buɗewa sanyi ya shiga babbar rigata ta ko'ina. Ba irin sanyin da muka sani ba ne, wannan har cikin haƙora ake jinsa. Habibu ya lulluɓe ni da wata rigar, ya ja ni zuwa motarsa. A-kori-kura ce, amma ba irin ta 'yan kasuwar Dawanau ba. Sai an taka matakala ake hawa, tayoyinta shida, biyu a gaba huɗu a baya. Da ita yake cin abinci: yana ɗaura mata tirela, ya ɗauki tarakta da injinan noma daga wannan gona zuwa waccan.

Gidansa na katako ne, a ƙarshen gari, zafi yana fitowa ta wasu ƙananan ramuka a daɓen ɗaki. Abin da ya fi damuna shirun wurin. Ba sallama, ba mai talla, ba kukan akuya, ba yaran maƙwabta. Maƙwabcinsa yakan ɗaga hannu daga nesa, gaisuwar ke nan ta ƙare. Ni da na saba ba na wuce gida uku ban tsaya an tambaye ni gajiya ba, sai na ji kamar na kurumce. Kuma eh, Malam Ɗanlami, karen maƙwabcin yana sa riga, ja ce mai maɓalli. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, kafin biyar ta faɗi. Barcina ya rikice. Nakan zauna a bakin taga da hantsi ina kallon titi ba kowa, in rasa ko a farke nake.

Da safe ya kan soya wani fanke mai faɗi ya zuba masa ruwan zaƙi, wai daga jikin bishiya ake tatsarsa. Na ci, ba laifi, amma ba ya riƙe ciki. Kwana na biyu na karɓi tukunya na kaɗa miyar kuka da kayan Hajiya, shi kuma ya tuƙa tuwon garin alkama. Ya yi loma uku ya ajiye hannu, ya juya fuskarsa wajen bango. Na yi kamar ban gani ba.

Saƙon kuwa ban isar ba. Duk lokacin da na gyara murya na ce, "Habibu, dama Hajiya," sai ya yi zumbur ya miƙe, wai bari ya ɗora shayi. Na sha shayi a gidan nan har na ƙoshi da shi.

Ga wurin da nake tsallakewa. A kwana na tara Habibu ya fita da ƙafa karɓo takardun wani aiki da za mu tafi washegari. Zaman banza ya ishe ni, na shiga garejinsa. Mai taya duk inda ya ga mota ƙafarta yake fara dubawa. Na tsuguna na danna farce a tayar gaba, sai na ji ta lotsa kamar danƙo. Na duba zanenta da kyau, na ga duk ta tsattsage, ƙananan tsagu sirara ba adadi. A wajenmu wannan magana ta ƙare. Tayar kirki tauri gare ta, in ka danna farce ta turo ka. Wadda ta yi laushi ba ta kai mutum Zariya a kan kwalta mai zafi, wadda ta tsattsage kuwa rana ta gama cinye ta. Na zagaya duk shidan, haka suke. Raina ya ɓaci, na ce wani ɗan damfara ya samu ƙanena ya zuba masa ruɓaɓɓun kaya. Ina juyawa kuma na ga wasu shida a jere a lungu, kowace a kan rim ɗinta na ƙarfe, masu tauri, zane raɗau. Wato yaron nan yana da tayoyin arziki ya jingine su yana yawo a kan na banza.

Na tuɓe rigar sanyi, na jawo jak da sifana. Awa uku na yi ina kwancewa ina ɗaurewa, gumi yana zuba. Tun da na zo ƙasar ban ji daɗi irin na wannan hantsin ba.

Da ya dawo ya tsaya a bakin garejin, ya daɗe yana kallon motar.

"Yaya, ka canza tayoyin?"

"Na canza. Wane azzalumi ne ya sayar maka da waɗancan?"

"Ai Yaya, waɗancan na sanyi ne. Nan in lokacin..."

"Kai tafi can! Taya taya ce. Tun kana firamare nake wannan sana'ar, ni za ka koya wa?"

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Sararin tas yake, ba ko ɗigon gajimare. Ya ce, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri." Daga baya na ji cewa ya saurari rediyo an ce dusar ƙanƙara ba za ta sauko ba sai jibi. Ya lissafa za mu je mu dawo lafiya, sannan ya faki idona ya mayar da nasa.

Washegari muka ɗaura tirela, da tarakta a kanta an ɗaure da sarƙa, muka kama hanya. Ƙasar a shimfiɗe take, gonaki an girbe, sai ka yi rabin awa ba ka ga mutum ba. Ina zaune a sama ina jin motar tana tafiya sumul, har ina cewa, "Ka ji bambanci ko?" Ya ce, "Na ji, Yaya."

Mun yi kamar awa uku sai hasken ya canza. Wani abu fari ya sauka a kan gilashi, ya narke. Wani ya biyo shi. Kafin in ankara sama ta cika da su, suna saukowa a hankali kamar auduga, ba ƙara ko kaɗan. Ruwan sama yana da hayaniya, wannan kuwa shiru yake ƙarawa. Na sauke gilashi na miƙa hannu, suka zauna a tafina, na kawo kusa da ido na ga kowanne da irin zanensa. Na yi ta tasbihi. Gona ta ɓace, hanya ta ɓace, ƙasa da sama suka haɗe suka zama abu ɗaya fari. Na ji kamar ba tafiya muke ba, a rataye muke a wani wuri da ba gabas ba yamma. Na ma manta da Habibu. Da na waiga na ga ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya daina magana, ya rage gudu sosai.

Muka zo wata 'yar gangara mai kwana a ƙarshenta. Ba gangarar kirki ba ce, ta Goron Dutse ta fi ta. Ya taɓa birki a hankali. Motar ba ta ji ba. Na ji wani nauyi yana turo mu daga baya, sannu sannu, ba tsayawa. Sai na dubi tagata na ga tarakta a gefena, daidai kafaɗata, inda ba ta da dalilin zama. Tirelar ce ta zagayo. Duk abin a hankali ya faru, ba ƙarar taya, ba ƙarar ƙarfe, har na samu lokacin yin kalmar shahada sau biyu. Bishiyoyi suka wuce ta gabanmu a jere, sannan hanyar da muka baro ta bayyana a gilashin gaba. Muka zame da baya cikin kwarin gefen titi, ƙanƙara ta tare mu. Injin bai mutu ba. Rediyo ma yana ta magana.

Ba wanda ya ji ciwo. Tarakta tana nan a ɗaure, sai dai ƙarfen da ya haɗa tirela da mota ya lanƙwashe. Muna tsaye sai ga wata tsohuwa ta tsaya da tata a-kori-kurar. Manomiya ce, gidanta yana kusa. Ta tambaya ko muna lafiya, sannan ta wuce kai tsaye ta share ƙanƙara daga tayarmu da takalminta. Ta dubi Habibu ta yi wata doguwar magana. Ya sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Ta ce sannu, Yaya."

"Habibu, sannu ba ta kai wannan tsawon ba."

"Ta ce wane mara hankali ne ya fito da tirela a kan tayoyin rani."

Na ce ya faɗa mata ni ne, kuma ni mai sayar da taya ne. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. Ta kama hannuna ta cire mini safar hannu, ta ɗora babban yatsana a kan tayar da na ɗaura jiya. Ta zama dutse, farce ko alama bai yi mata ba. Ta ja ni wajen motarta ta ɗora yatsan a kan tata. Laushi, da tsagun nan sirara birjik, irin waɗanda na kwance. Habibu yana fassara mini: sanyi yana sandarar da tayar rani har ta kasa kama ƙasa, ita kuwa ta sanyi da laushinta aka yi ta, tsagun kuma da gangan aka yanka su, su suke buɗewa su damƙi ƙanƙara. Mai jan tirela ya fi kowa buƙatarsu, don in ya taka birki nauyin da ke bayansa duk a kan tayoyin motar yake sauka. In suka saki, tirela ce za ta tuƙa shi.

Ta kai mu gidanta. Su ma suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar mu. Ta zaunar da mu a kicin, ta zuba mana miyar dankali mai zafi da burodi, ta fita neman mijinta ya zo da babbar tarakta a jawo mu. Muka rage mu biyu. Tsoro ya sake ni, fushi ya taso.

"Ka san haka za ta faru?"

"Na san tana iya faruwa."

"Shi ne ka yi shiru? Ka bar mu mu mutu a daji saboda kunya?"

"Na fara faɗa, Yaya. Ka ce taya taya ce."

Ya juya cokali a cikin kwanon, bai dube ni ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, ba wanda ya taɓa sa ni na hau titi a kan tayar da ban yarda da ita ba. Masu gonaki sun sha matsa mini in fita cikin ƙanƙara, in ce musu a'a, in koma in kwanta. Kai kwana tara ka yi. Na san abin da ya kawo ka, Yaya. In ka ce in taho, to zan ce maka. Zan sayar da motar in bi ka, in zauna a shago inda ka nuna mini. Bakina ba zai iya faɗa maka wani abu ban da to ba. Shi ya sa nake tashi ɗora shayi."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta taya ba ce. Na tuna ni na zaɓa masa makaranta, ni na zaɓa masa abin da zai karanta, har hular sallarsa ni nake zaɓa. Duk shekarun nan ina alfahari da ƙanena mai biyayya, ban taɓa tambayar kaina abin da yake haɗiyewa ba. Na zauna ina kallon ƙanƙara tana taruwa a bakin tagar tsohuwar nan har miyata ta huce.

Kwana biyu bayan haka muka mayar da tayoyin sanyi. Shi yake faɗin wadda za ta je ina, ni ina ɗaure noti. Sauran kwanakin na bi shi aiki sau huɗu, cikin ƙanƙarar da ta fi waccan, motar tana riƙe da hanya kamar an ɗinke ta. Ban ƙara cewa "dama Hajiya" ba, shi ma bai ƙara ɗora shayin dole ba.

Ranar da zan taho muna zaune a mota a bakin filin jirgi na ce, "Habibu, ba umarni zan ba ka ba, tambayarka zan yi. Me zan faɗa wa Hajiya?"

Ya kashe injin motar.

"Ba zan dawo da zama ba, Yaya." Ya juyo ya dube ni. "Nan ne gidana yanzu. Amma in ƙanƙara ta narke zan zo in yi mata wata guda. Wannan ni na faɗa, ba sa ni aka yi ba."

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ce Allah ya kai mu, na rungume shi, na shiga.

Na iso Kano da la'asar. Zafi ya tare ni a bakin jirgi, hayaniyar 'yan acaɓa da masu kiran suna ta cika mini kunne har na ji ƙwalla. A gida na tarar da Hajiya a tsakar gida kan tabarma. Na yi sallama na durƙusa. Ta amsa, amma ba ni take kallo ba, bayana take leƙawa, wajen zaure.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Hajiya."

"Ya ƙi?"

"Ban ce masa ya taho ba."

Na kwashe komai na faɗa mata, har tayoyin, har kicin ɗin tsohuwar. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta murza bakin mayafinta.

"Ita ƙanƙarar yaushe take narkewa?"

"Kamar wata biyar nan gaba."

Ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya har biyar. Sannan ta ɗaga hannun ta kawo shi kusa da fuskarta, ta matsar da shi nesa, ta sake kawo shi kusa. Shekara biyu ina roƙonta mu je asibiti a duba mata idon tana cewa ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye.

"Likitan nan da kake damuna da shi," ta ce, "yana zama gobe?"

Na ce yana zama.

"To ka zo da wuri. Kada mu tarar da layi."